Wasiƙar da Na Ɓoye a Ƙugu a Hanyar Gwaram

Ku matso nan, ku kife wayoyin nan a cinya, ku ara mini kunnuwanku, in na gama zan mayar muku da abinku. Ga ta nan gare ku, amma ba tatsuniya ba ce, don duk wanda zan ambata ya taka ƙasar nan ya sha ruwanta. Ni ce Tabawa, haifaffiyar Kwandiko, aure ya kawo ni Birnin Kudu. Ban taɓa zama a aji ba, ban san baƙi ɗaya na boko ba. Sana'ata wankan mamata mata, da ɗinka musu likkafani, da kai saƙon rasuwa ga ’ya’yansu mata da ke aure nesa. Na ji kuna cewa na ƙarshen nan ba aiki ba ne, wai yanzu duk mai waya ya iya. To, ku saurara.

Gawar farko da na taɓa da hannuna ta wata tsohuwa ce a Unguwar Ya, mai sayar da ƙuli-ƙuli. Lokacin ina goyon ɗana na biyu. Inna Ladi, wadda ta koya mini aikin, ita ta kira ni, ba don ta ga wata baiwa a jikina ba, sai don mai zuba mata ruwa ta yi tafiya. Ta ba ni buta ta ce in zuba inda ta nuna, kada in yi magana, kada in kalli inda ba ta kalla ba. Shekara biyu ina riƙe da buta kafin ta yarda na naɗe hannuna da tsumma na yi wankan da kaina. Kayan aikin ba su da yawa: ƙwarya biyu, buta, ganyen magarya da aka daka, sabulu, kafur, almakashi, allura, da zanen rufe tsiraici. Amma kowanne da lokacinsa. Ruwan kada ya yi zafi, kada ya yi sanyi, ki gwada shi a gwiwar hannu kamar na jariri. A fara da alwala, a fara da dama. Sau uku, in bai isa ba sau biyar, kafur a na ƙarshe. A tsefe kitso a hankali, a raba gashin uku. Likkafanin mace ƙyalle biyar ne, kuma Inna Ladi ba ta sayen zare, daga jikin alawayyon take zaro shi ta ɗinka.

Abu biyu ta fi tsananta mini a kai. Na farko, abin da idona ya gani a ɗakin wanka, in mai kyau ne in faɗa, in ba mai kyau ba ne ya tafi kabari tare da mai shi. Na biyu, yadda ake kai saƙo.

Saƙon farko da na raka ta kaiwa, wata yarinya ce aka yi wa rasuwar uwa, tana aure a wani ƙauye bayan Surko. Muka iske ta tana suyar gyaɗa. Inna Ladi ta gaishe ta, ta tambayi yara, ta tambayi kuɗin gyaɗa a kasuwa, har na fara zaton ta manta abin da ya kawo mu. Sai da yarinyar ta sauke kasko, aka kashe wutar, aka shimfiɗa tabarma, maƙwabta biyu suka shigo kamar wucewa suke, sannan ta fara. A hanyar dawowa ta lissafa mini: ba a gaya wa mace tana tsaye, ba a gaya mata kusa da wuta ko rijiya, ba a gaya mata da jariri a hannu, ba a gaya mata ita kaɗai, ba a gaya mata cikinta babu komai, don daga wannan sa'ar sai ta kwana biyu abinci bai wuce mata maƙogwaro ba. Kuma ba a yi mata ƙarya. Ana dai ba ta gaskiyar kaɗan-kaɗan, har ita da bakinta ta yi tambayar.

Shekarar da ruwa ya ci gonaki, amai da gudawa suka biyo baya, ita ce shekarar da ba na so ta maimaitu a kan kowa. A yini ɗaya na wanke mata shida. Alawayyo ya ƙare a kasuwa, muka koma farin zanen gado. Ma'aikatan lafiya suka zo suka ba mu safar hannu da wani ruwan magani mai ƙona hanci, suka ce wasu ma kada a taɓa su. Muka bi abin da suka ce inda ya yiwu. Saƙo kuwa ba wanda ya samu kaiwa bisa tsari, mutum yana zuwa gaisuwar wata ya tarar da tasa. A ƙarshen wannan annoba Inna Ladi ta kwanta. Ni na wanke ta, da ƙwaryarta, kuma ita ce ƙwaryar da nake aiki da ita har yau.

Yanzu ga aikin da ya sa na tara ku.

Hajiya Lami ta Surko ta cika bayan sallar asuba, wata ranar damina. Aminiyata ce, tare muke harkar daddawa. Na je na wanke ta, na ɗinka, maza suka ɗauka da hantsi. ’Yarta ɗaya ce mace, Zulai, malamar Turanci a wata makarantar ’yan mata a Gwaram. Zulai tana da ciki wata takwas, kuma kafin wannan ta yi ɓari uku, na ƙarshen ma firgita ce ta jawo shi, ranar da aka ce mijinta ya yi haɗari a babur alhali ƙafa kawai ya goge. Saboda haka dangi suka yi shawara kada a kira ta a waya. Aka kira mijin, Malam Nasiru, aka gaya masa, aka ce ya san dabarar da zai raba ta da wayarta har in iso. Ni kuma dama nakan kai mata daddawa da kuka daga wurin uwarta, ganina a ƙofarta ba zai zama labari ba.

Na koma gida na yi wanka na sauya kaya tun daga kallabi har takalmi. Wannan ma aiki ne. Ƙanshin kafur yana riga mutum shiga gida, kuma duk macen da ta taɓa zama a gidan makoki ta san shi. Na ɗaura ƙullin daddawa, ita kuma warinta yana danne komai.

A bakin tasha sai ga Malam Sabo da sauri, ƙanin mijin marigayiya, baffan Zulai ke nan. Tsohon akawu ne, ya yi shekaru yana buga takardu a ofis kafin ya yi ritaya, kuma har gobe biro uku ne a aljihun rigarsa. Mutumin kirki ne, amma ba ya yarda abu ya faru bai sa shi a takarda ba. Ya miƙo mini farar ambulan ya ce in ba Zulai hannu da hannu da na isa. Na tambaye shi me ke ciki. Ya ce magana ce ta masu ilimi, tsakaninsa da ’yarsa, ba abin da ya shafi daddawa. Direba yana ta kiran saura mutum ɗaya, na karɓa na shiga.

Mun bar gari, takardar nan tana kan cinyata, ni kuwa ina ta juya ta. Ba a liƙe bakin ba. Na zaro ta na duba, layi ne kamar guda takwas, an jera su tsaf kamar kunyar gero. Abin da ya dame ni shi ne, ni da na kwashe shekaru ina auna kowace kalma kafin in sake ta a kunnen mai rashi, yau ga ni ɗauke da kalmomin da ban san nauyinsu ba, kuma zuwa ga wadda za ta haɗiye su duka da kallo ɗaya.

A gefena akwai wata mata ’yar Kudu, ma'aikaciyar jinya, da farin takalmi da jaka a cinya, direba yana ce mata Sista. Ta daɗe a ƙasar nan, Hausarta ta kasuwa ce amma tana fita. Na ce mata, ’yata, don Allah duba mini wannan, ba sai kin karanta mini duka ba, ki gaya mini dai wace irin takarda ce. Ta karɓa, idonta ya sauka a layin farko, sai fuskarta ta sauya. Ta dafa hannuna ta faɗi wata magana da Turanci a hankali, abin da kunnena ya kama shi ne, “Sori fo yo los, Mama.” Ta zaci ni aka rubuta wa.

Na ce mata ba tawa ba ce, amma ta fassara mini abin da ta faɗa. Ta ce shi ne abin da ke rubuce a farkon takardar, ma'anarsa na tausaya miki bisa rashin da kika yi. Ta ce gaisuwar mutuwa ce ta Turawa, kowa ya san ta, kuma wanda ya rubuta wannan ya iya, ba inda ya karkace.

Ni dai tun ina yarinya ba na barin abu ya wuce ni ban leƙa ƙarƙashinsa ba. Na shiga yi mata tambaya. Na ce ita wannan gaisuwa, mamacin fa, ba a roƙa masa komai a ciki? Ta ce a'a, ta mai rai ce kawai, in kana son yi wa mamaci addu'a sai ka ƙara wani layi, kuma mai takardar ya ƙara a ƙasa. Na ce to me ake amsawa? Ta ce godiya kawai. Na yi mamaki, don mu in an ce ya haƙuri, sai a ce haƙuri sai ma'aiki, a ce Allah ya jiƙanta, a ce amin, magana tana tafiya tana dawowa har mai kuka ya samu inda zai sa numfashi. Na ce ana faɗa wa wanda akuyarsa ta ɓata? Ta yi dariya har direba ya waiwayo, ta ce in ka rubuta wa mutum haka a kan akuya zai zaci ba'a kake masa, ko ya zaci wani nasa ya mutu. Direba ya ce shi ranar da injinsa ya buga ba wanda ya yi masa ko ta Hausar, balle ta Turanci.

Sai na yi tambayar da ta fi damuna. Na ce ana rubuta wa wanda bai riga ya ji ba?

Ta dube ni. Ta ce, “Mama, ba ta sani ba?”

Na ce ba ta sani ba, kuma cikinta wata takwas.

Ta ninke takardar da sauri kamar mai zafi, ta mayar cikin ambulan. Ta ce su ma a asibiti ba sa faɗin wannan kalma sai likita ya riga ya zaunar da mutum ya gaya masa. Ta ce kalma ce ta bayan labari, ba ta gabansa ba, in ta riga labari zuwa to ita ce ta zama labarin, kuma a tsaye za a karanta ta. Na ce ashe Turawan ma sun san tsari. Na ɗaga mayafi na cusa ambulan ɗin a ƙuguna, na ɗaure zani a kai.

Na isa gidan ana kiran azahar. Malam Nasiru yana zaure, idonsa ja, ya ce mini ya karɓi wayar da sunan zai kai caji tun da safe. Amma ya ce akwai matsala: kafin ya karɓa, saƙon Malam Sabo ya riga ya shigo, cewa zai aiko mata da takarda ta hannuna. Na ce ya je ya turo mini matan maƙwabta biyu masu hankali, su shigo ɗaya bayan ɗaya, kada su zo tare.

Na yi sallama. Zulai tana tsakar gida a tsaye tana shanya, ciki ya yi gaba. Ta yi murna, ta karɓi daddawa ta shinshina, ta tambayi Innarta. Na ce jikin nata ya motsa jiya, shi ya sa ma na zo da kaina. Wannan gaskiya ce. Sai ta miƙo hannu.

“Goggo, ina takardar Baffa?”

“Tana nan.”

“To ba ni mana. Baffa bai taɓa rubuto mini ba sai in zai gyara mini Turanci.”

“Wato ni na taso tun daga Birnin Kudu, ko ruwa ba ki ba ni ba, sai takardar mai biro uku kike tambaya? Haka ake koya wa yara a makarantar taku?”

Ta yi dariya ta ba ni haƙuri, ta kawo ruwa. Na ce yunwa nake ji, kuma ni ba na cin abinci ni kaɗai a gidan mutane, in ba za ta sa hannu ba a mayar. Ta zubo shinkafa da wake. Na ci a hankali kamar marar haƙori, ina tura mata gefen da ya fi mai. Duk loma uku sai ta ce takardar fa, ni kuma in ce hannuna da mai, so take in ɓata wa Malam Sabo rubutu ya kai ni ƙara? Maƙwabciya ta farko ta shigo neman rariya ta zauna. Muka yi sallah. Ta biyun ta shigo da tsinken sakace a baki ta zauna ta ɗaya gefen. Na ce Zulai ta sauko daga kujera ta zauna a tabarma ta jingina da bango, ƙafarta ta kumbura, in matsa mata.

Ina matsa ƙafar na ce ciwon na jiya ya fi na kullum. Na ce tun bayan la'asar ba ta ƙara magana ba. Na ce an kira ƙannen Zulai duka sun zo. Daga nan na yi shiru, na ci gaba da matsa ƙafa. Shirun nan shi ne mafi wuya a sana'ar, kuma shi ne abin da waya ba ta iya ba. Zulai ta dubi ta damanta, ta dubi ta hagunta, ta dubi kallabina sabon wanki.

“Goggo, ke kika yi mata wanka?”

“Ni na yi mata.”

Matan nan biyu suka riƙe kafaɗunta. Ta yi salati, ta yi kuka mai yawa, amma a zaune, bayanta a bango, cikinta da abinci. Hannuna ɗaya yana kan cikin, ina jin ɗan yana motsi. Ba jini, ba naƙuda. Da ta ɗan lafa ta tambaye ni yadda na ga Innarta. Na gaya mata abin da aka halatta mini in faɗa, kuma gaskiya ne: jikinta ya yi laushi kamar mai barci, ban sha wuyar tsefe kanta ba, kuma lallen da ta sa na sallah bai gama fita daga tafinta ba.

Sai bayan la'asar na kwance zani na ba ta takardar, ta jiƙe da gumi ta lanƙwashe. Ta karanta sau biyu. Ta ce mini ba kuskure ko ɗaya a ciki, har waƙafi yana inda ya kamata, in da ɗalibarta ce ta rubuta da ta ba ta maki duka. Ta ƙara duban layin farko, ta ce, “Da a igiyar shanya na buɗe wannan, Goggo.” Ba ta ƙarasa ba, ni ma ban ƙarasa mata ba.

Ranar sadakar uku Malam Sabo ya tare ni a ƙofar gida, ransa a ɓace. Ya ji cewa na ba wata baƙuwa takardarsa a mota, kuma na riƙe ta yini guda. Ya ce shi shekara da shekaru yana rubuta irinta ga manyan mutane, ba wanda ya taɓa cewa ya yi kuskure, kuma ya rubuta da Turanci ne don ya girmama ’yarsa da abin da ta karanta. Na ce masa, Malam Akawu, an duba an ce rubutunka ba aibu. Amma waɗancan manyan da kake rubuta wa, kafin takardarka ta isa, wa ya riga ya gaya musu? Ya ce ai sun riga sun ji. Na ce to ita wa ka bar wa ya gaya mata, ni ko ambulan? Ya cire hula ya sosa kai ya mayar. Ya ce shi a ofis an koya masa yadda ake rubutawa, ba a taɓa koya masa ranar aikawa ba, don wannan aikin masinja ne. Na ce to ga masinja a gabanka.

Ga yadda kowa ya ƙare. Sista ta sauka a wata mararraba kafin Gwaram, ban san sunanta ba, ban ƙara ganinta ba, amma ina sa ta a addu'a. Malam Nasiru ya bar babur ya koma sayar da taki. Malam Sabo yana nan, idonsa ya yi rauni, har yanzu yana rubuta ta'aziyyarsa da Turanci da gilashi a hanci, sai dai yanzu yakan aiko a tambaye ni ko mai rashin ta ji, kafin ya liƙe ambulan. Zulai ta haihu bayan kwana ashirin da wani abu, lafiya lau, mace, aka mayar da sunan Hajiya Lami, ana kiranta Ummi, yanzu har ta shiga aji. Ta ce mini duk shekara in ta zo koya wa ɗalibanta wasiƙar ta'aziyya, sai ta fara da tambayarsu wa ya gaya wa mai rashin, kafin ta bar su su taɓa biro.

Ni kuwa gwiwa ta fara ƙi, mota tana wahalar da ni, kuma sau da yawa yanzu kafin in ɗaura kallabi wani ya riga ya watsa hoton mamaciya a waya. ’Yata ta fari tana aure a Kano, tana da hawan jini. Na riga na kira Zulai na ba ta amana, na kuma gaya wa ’ya’yana maza a gaban shaidu: ranar da aka wanke ni, kada wanda ya taɓa waya sai Zulai ta shiga mota ta isa wurin ’yar tawa a Kano. Na ce ta sauya kaya, ta riƙe ƙullin daddawa, ta ce yunwa take ji. Ta ce ta ji, amma ita ba ta iya cin abinci a hankali kamar ni ba. Na ce ta fara koyo tun yanzu, ni ba sauri nake ba.